Ubaidullahi da Buhunan Kwalabe

Shagona yana kan hanyar tasha a Tambuwal. Kwamfuta biyu, firinta ɗaya, sai wani janareto da ba ya tashi sai an lallashe shi. Aikina buga takardu, kuma mafi yawansu na neman aiki ne, wato takardar bayanin kai da kowa ke kira CV. Tun da na buɗe na buga sama da ɗari tara. Ina ƙidayawa, don ni ko tsire na ci sai na san tsinke nawa na yar. A cikin ɗari taran nan, waɗanda suka dawo suka ce mini an kira su ganawa ba su cika saba'in ba. Ubaidullahi na cikinsu, amma tasa takardar ita ce ta fi kowacce ba ni wuya.

Ubaidullahi ɗan Kawu Malami ne, yayan innata, don haka taubashina ne. A wani ƙauye aka haife shi bayan Kebbe, gidan da ake noma gero da dawa ana kuma kiwon shanu tun kaka da kakanni. Shi ne ɗan fari, shi ya sa har yau Kawu ba ya kiran sunansa. In zai yi mini zancensa sai ya ce “mutumin naki”. Ya fara bin garke kafin ya fara zuwa makaranta, ya iya Fulatanci a mashaya wurin yaran rugage, kuma da ya gama sakandare ya tafi ya yi difloma a kan lafiyar dabbobi. Ya dawo da takarda ya tarar babu aiki. Sai Kawu ya sayar da bijimi ya saya masa babur da sirinji da kula ta ajiye magani da sanyi, ya ce ya je ya nemi abin yi da su.

Haka ya shiga. Saniyar wani ta kamu da ciwon hanta, a kira shi. Ciwon boru, mai kama baki da kofato, ya faɗa wa garke, a kira shi. Haihuwa ta yi wa karsana gardama, a aiko masa da babur ko yana tsakiyar huɗa. In lokacin rigakafi ya zo ma'aikatan gwamnati sun rasa hannu, shi ke shiga gaba ya kai su inda mota ba ta zuwa. Wani ya biya shi, wani ya ba shi damin gero da kaka, wani ya yi masa addu'a kawai. Ya auri Zahara'u, sun samu zuri'a, gida bai rasa tuwo ba, amma shekarar da damina ta yi gardama sai kowa ya ji a jikinsa. Abin da yake so shi ne aiki mai albashi a kan abin da ya karanta. Duk tallar da ya gani sai ya aika, kuma takarda guda yake aikawa, wadda wani abokin karatunsa ya ba shi ya kwafa tun suna makaranta.

Wata ranar kasuwa ya shigo shagona da hular kwano a hannu, ya ajiye takardar a kan teburi.

“Hajiya Lissafi, a gurzo mini wagga, kwafi biyu.”

“Ita dai? Likitan shanu, wanga karo na ashirin da fuɗu ke nan. Ko jaki ya faɗa rami sau biyu yana sake hanya.”

“Jakin gidanku dai. Mu gidanmu shanu muka kiwo.”

“To shanun ba su koya maka komi ba. Mu ga tallar.”

Ya miƙo mini waya. Wata ƙungiya ce mai zaman kanta take neman mutum uku da za su riƙa yi wa dabbobi rigakafi a ƙasar Tambuwal da Kebbe. A ƙasan tallar an rubuta cewa kada mai nema ya wuce shekara talatin da biyar. Ubaidullahi zai cika talatin da shida da an share gero. Mutane da yawa in sun kai nan sai su je su yi rantsuwa su rage shekaru, shi kuwa ya daɗe da cewa ba zai ɗora hannu a kan Alƙur'ani don ya zama ƙanen ƙanensa ba. Ke nan wannan ita ce talla ta ƙarshe da ta yarda da shi. In ta wuce, sai dai ya ci gaba da jiran damin gero.

Na ƙidaya sharuɗɗan da suka sa: bakwai. Difloma, sanin aiki a fili, iya babur a mugunyar hanya, sanin yadda ake adana allura da sanyi, Fulatanci, sanin makiyaya, zama ɗan yankin. Duka bakwai ɗin yana da su. Na juya takardarsa, shafi huɗu cur, na tarar guda ɗaya tak ta nuna, wato diflomar. Sauran kuwa sunan firamarensa ne, da sunan mahaifi, da addini, da wani layi da ke cewa yana sha'awar karatu da tafiye-tafiye. Shekarun da ya yi yana ratsa daji da kula a bayan babur an dunƙule su a jimla guda: yana taimaka wa mahaifinsa da kiwo.

“Wanga layi mi yaka nufi?”

“Abin da yac ce. Ina taimakon Baba.”

“Kai da kaka yi wa ƙasar Kebbe duka aiki?”

“To in rubuta ni jarumi na? Yabon kai jahilci.”

Na ce masa ba yabo za mu yi ba, amsa za mu bayar. Sun yi tambaya bakwai, za mu ba su amsa bakwai, kowacce da lambarta. Wanda zai duba takardun nan yana da tuli a gabansa, ba karantawa yake yi ba, leƙawa yake, kuma ido ba ya tsayawa sai a kan lamba. Wannan na gane shi ne daga waɗancan saba'in ɗin. Na ɗauko biro ja na fara tambaya.

Shekara nawa yana aikin? Tara. Ƙauye nawa ake kiransa? Ya lissafa da yatsu, ya koma ya sake, talatin da ɗaya. Yaya yake yi allura ba ta lalace a hanya? Yana sayen ƙanƙara a Tambuwal, ya naɗe kular da jiƙaƙƙen buhu, ya fara da ƙauyen da ya fi nisa tun rana ba ta yi zafi ba. Duk na rubuta. Takarda ta fara kama jikinta.

“To shanu nawa ka yi wa allura, a ƙiyasce?”

Ya dubi ƙofa.

“Suna da albarka.”

“Albarka ba lamba ba ta, Likita. Dubu biyar? Dubu goma?”

“Sharifa, ba a ƙidaya shanun mutane.”

In ya kira ni da sunana, wasa ya ƙare ke nan. Na san al'adar, don ni ma jinin gidan ce, sai dai a gari na tashi. A gidajen kiwo na wajenmu ba a tsayawa a kan garke a ce ɗaya, biyu, uku. Mai shanu ya san kowacce da launinta da uwarta da halinta, in guda ta ɓace ya sani tun kafin a gama ɗaure maruƙa, amma adadi ba ya fita daga bakinsa. Ana cewa baki yana kama abin da aka ƙidaya. In ka tambayi mutum shanunsa nawa, ka yi rashin ladabi kamar ka tambaye shi abin da ke cikin rumbunsa. Shi kuwa Ubaidullahi an bar shi yana shiga tsakiyar garken kowa ne saboda an san ba ya fita da labari.

Na ce masa jimla kawai za mu sa, babu sunan kowa, kuma ba wani mutumin Kebbe da zai karanta takardar. Ya ce takarda tana da ƙafa. Na ce layin nan shi ne zai raba shi da sauran masu difloma, don difloma kowa na da ita. Ya ce ya ji. Ya ɗauki hular kwanonsa ya ce in gurzo masa tsohuwar in na samu lokaci, ya fita.

Ban gurza ba. Ranar rufe karɓar takardu na matsowa, sai na rufe shago na hau babur ɗin haya zuwa ƙauyensu, da nufin in sa Kawu ya yi masa magana. Na tarar da Kawu Malami a ƙofar gida yana tufka igiya. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi innata, ya tambayi gari, ya tambayi injin da ke haihuwar takardu. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

Bai daina tufka ba. Ya ce a zamanin mahaifinsa, in an ji malamin jangali ya sauka, wato mai karɓar harajin shanu, kafin gari ya waye an kora rabin garke fadama. Tun daga lokacin, mutum da takarda da alƙalami a bakin garke ba baƙon arziki ba ne.

“Kawu, ai jangali ya daɗe da mutuwa.”

“Ya mutu, ɗiyata. Yanzu masu zuwa ba su riƙe alƙalami. Kin san abin da suka riƙewa. Su ma tambayarsu guda ta: wa adda shanu da yawa?”

Ɓarayin shanu masu bindiga yake nufi, kuma kowa a ƙasar nan ya san gidan da suka kwashe wa garke.

“Mutumin naki ya yi daidai,” in ji shi. “In aikin rabonai na, shina zuwa.”

Na shiga ciki in gaida Zahara'u kafin in juya. Tana bayan ɗaki tana shanya, sai ƙafata ta bugi wani buhu, ya yi ƙara kamar an zubar da cokula. Buhuna ne guda biyar jingine da katanga, an rufe su da tsohon kwano.

“Mi ac cikin nan?”

“Tarkacen ɗan'uwanki na. Kwalaben allura. Na yi magana har na gaji.”

Ashe tun da ya fara aiki bai taɓa yar da kwalba a daji ba. Yara suna tsinta su yi wasa da su, akwai kuma masu bi suna saye don su ɗura ruwan banza su sayar a kasuwa a matsayin magani. Sai yake dawowa da kowacce gida, yana cewa wata rana zai haƙa rami ya binne, ranar kuwa ba ta zo ba.

Na ce Zahara'u ta ara mini tabarma. Na zazzage buhu na farko na zauna. Na ware na rigakafi gefe, na maganin tsutsa gefe, na sauran cututtuka gefe, ina jera su goma goma. Ina cikin buhu na uku Ubaidullahi ya dawo daga gona ya tsaya a kaina.

“Lalle ciwon ya yi nisa. Yanzu shara kika ƙidaya?”

“Sharar gidanku ta fi takardarka magana. Matsa, ka tare mini haske.”

Kwalba dubu biyu da ɗari da arba'in da shida. A ciki ɗari uku da tamanin na rigakafi ne. Na ɗebo guda uku a hannu na fita wurin Kawu, Ubaidullahi na bin bayana.

“Kawu, wagga hwa? Ana ƙidaya ta?”

Ya ajiye igiya ya karɓi guda. Ya juya ta, ya ɗaga ta sama ya leƙa cikinta, ya ƙwanƙwasa ta da farce.

“Ba ta ci, ba ta sha, ba ta haihuwa. Baki ba shi da abin da zai kama nan.”

“Baba,” in ji Ubaidullahi, “wanda yas san aikin, in ya ga yawan kwalba ya san yawan saniya. Ninkawa kawai za ya yi.”

“To shi yaƙ ƙidaya, ba kai ba.” Kawu ya mayar mini da kwalbar. “Kuma kwalba ba ta faɗin garken wa ta shiga. Kada a sa sunan kowa, kada a sa sunan ƙauye ko tunga. In an kiyaye wanga, ku rubuta.”

Washegari muka buga sabuwar takarda. Shafi huɗu suka koma ɗaya da 'yan layuka. Firamare ta fita, karatu da tafiye-tafiye suka fita. A sama, ƙarƙashin sunansa, na sa abin da tallar ta fara nema, da irin kalmomin da ta yi amfani da su: shekara tara yana aikin lafiyar dabbobi a ƙauyuka talatin da ɗaya na Kebbe da Tambuwal, a kan babur, rani da damina. Sannan yadda yake adana allura da sanyi. Sannan Hausa da Fulatanci. Sannan layin kwalabe: ya yi amfani da kwalbar magani sama da dubu biyu, ɗari uku da tamanin na rigakafi, kuma duk suna ajiye, ana iya zuwa a gani. Diflomar ta sauko ƙasa.

A wurin masu shaidarsa ne muka sake sa-in-sa. Da, hakimi ya sa da limamin ƙauyensu. Na ce a sa likitan dabbobin da ya sha yi wa jagora lokacin rigakafi, don shi ne zai iya faɗin yadda yake aiki. Ya yarda a cire hakimi. Liman kuwa ya ce ko za a fasa aikin ba zai cire shi ba, shi ya raɗa masa suna. Na bar masa liman.

An kira shi. A karo na ashirin da huɗu, karon farko ke nan da wani ya kira shi. Ya tafi Sakkwato da farar shadda da Zahara'u ta goge, ya dawo ya biyo ta shago kafin ya wuce gida, ya zauna a kan benci ya ce a ba shi ruwa.

Yadda ya ba ni labari, mutum uku ne suka zauna masa, maza biyu da mace guda, kuma matar ce babba. Ta ce takardun da suka zo musu sun fi ɗari huɗu, ba su ga wanda ya rubuta kwalba ba sai shi. Ta tambayi dalilin ajiye su, ya faɗa. Ta tambayi ƙanƙara, ya faɗa. Ɗaya daga cikin mazan ya juya harshe zuwa Fulatanci, ya amsa masa. Sai matar ta ce, to, shanu nawa ke nan?

“Ni ko nic ce mata, ranki ya daɗe, kwalabe nika ƙidaya.”

“Innalillahi. A gaban mutanen?”

“To a bayansu za ni faɗi?”

Ta ce masa aikin nan duk wata sai an kawo rahoto da adadi, don waɗanda ke ba da allurar suna son sanin inda ta shiga. Ya ce zai kawo adadin kwalbar da ya karɓa, da wadda ya buɗe, da abin da ya rage a cikin wadda ba ta ƙare ba, kuma zai dawo da kowacce a ƙidaya a gabansa. Amma ba zai tsaya a bakin garken mutum da takarda ba, don ran da ya yi haka, ran nan za a daina buɗe masa garke. Namiji na biyu ya ce wannan ba tsarinsu ba ne, su suna da fom mai gurbin sunan mai shanu da adadin shanunsa. Ubaidullahi ya ce ya gani. Aka ce ya je za a neme shi.

“Ka zubar,” na ce masa. “Na kai ka bakin rijiya ka ce ba ka jin ƙishi.”

“Wataƙila,” in ji shi. Ya shanye ruwan ya tafi.

Sakamako ya fito bayan an fara girbi. A cikin ukun da aka ɗauka shi ne na uku, kuma sauran biyun an ba su shekara biyu, shi shekara ɗaya, a ga yadda tsarin nasa zai tafi. Fom ɗin yana nan ba a sake shi ba, an dai yarda ya bar gurbin suna da na adadin shanu babu komai, ya cike na allura. Ya sa hannu kafin ya cika talatin da shida.

Takarda kuwa ta yi ƙafar da ya ce. Labari ya zaga cewa ɗan Malami ya rubuta abin da ya gani a garkunan mutane ya kai Sakkwato, shi ya sa aka ba shi aiki. Yawancin mutane da suka ji cewa kwalabe ne sai suka yi dariya, zance ya mutu. Ban da Ɗangiwa, wani dattijo mai babban garke wanda tungarsu duk zuri'arsa ce, kuma yana cikin waɗanda suka fara kiran Ubaidullahi tun yana sabon hannu. Ran da Ubaidullahi ya je musu da rigakafi a sabon babur ɗin ƙungiya, ya tarar da 'yan tsofaffin shanu a ɗaure, sauran an ce sun tafi kiwo nesa. Aka ba shi fura, aka gode, aka raka shi bakin hanya. Kawu Malami ya taka da kansa ya yi bayani. Ɗangiwa ya saurare shi har ƙarshe, ya ce ya ji, kuma ya san yaron ba shi da mugun nufi, amma wanda ya ƙidaya kwalba yau gobe ana iya sa shi ya ƙidaya wani abu. Tun daga nan in saniyarsu ta kwanta wani suke kira daga Jabo.

Yanzu Ubaidullahi yana fita da kula biyu. Duk ƙarshen wata yana ɗaure kwalin kwalabe a bayan babur ya kai ofis, wani ma'aikaci ya zazzage ya ƙidaya, ya ninka abinsa a kwamfuta, shi yana tsaye yana kallon waje. Buhunan nan biyar an binne su a ƙarshe, Zahara'u ta samu wurin shanya. Ni kuma duk wanda ya kawo mini takarda ya ce ba shi da abin rubutawa, nakan tambaye shi abin da yake tarawa a bayan ɗaki. Wata ungozoma ta kawo mini ƙullin guntayen zaren ɗaure cibiya da take yankewa, wani mai gyaran famfo ya kawo tsofaffin robobi. Ba kullum abin ke aiki ba.

Da shekarar ta kusa cika, aka ce kowa ya sake kawo takardarsa don a duba sabuntawa. Ya shigo shago ranar kasuwa, hular kwano a hannu.

“Hajiya Lissafi, a ƙara mini layi guda.”

“Ka ga yadda aiki ke gyara mutum. Da kwafi kaka nema.” Na buɗe takardar. “Ƙauye nawa yanzu?”

Ya lissafa da yatsu, ya koma ya sake.

“Arba'in da fuɗu, in an sa tungar Ɗangiwa.”

“Ya kira?”

“Bai kira ba. Na dai biya na gaishe shi da sallah.”

“To in sa fuɗu ko ukku?”

Ya juya hular a hannunsa.

“Sa ukku.”

Na sa arba'in da uku, na tayar da janareto, na buga masa kwafi biyu.